Bin Sawun Taraktar Yaya Habu

Laraba: daga gida zuwa Gumel

Ana sallame sallar Asuba na rataya jakata na fita, ban tsaya karin kumallo ba. Ɗan acaɓan da muka yi magana da shi tun daren jiya yana jirana a bakin masallaci. Mutane da yawa sun ga shagon ɗinkina a rufe suna tambayar inda na shiga, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda tafiyar ta kasance, musamman saboda 'yan uwanmu da ke ci-rani a Kano da Legas, waɗanda labarin ya isar musu rabi-rabi.

Ga abin da ya fitar da ni. Bayan kakar bara manoman ƙauyenmu, da ke kusa da Ɗanzomo, suka yi karo-karo don a sayi tarakta ta hannu. Yayana, Yaya Habu, shi ne shugaban ƙungiyar, shi aka damƙa wa amanar sayowa. Ya sayo ta a Gumel, ranar da ta shigo gari har guɗa mata suka yi. Murnar ba ta daɗe ba. Wani mai hali na garin maƙwabtanmu ya sayi sabuwa dal ta wannan kamfanin, aka biyo da ita ta garinmu, direban ya tsaya shan ruwa daidai kusa da tamu. Sabuwar ja ce mai haske, cikinta, wato injin da ƙarafan ƙasa, baƙi-baƙi. Tamu kuwa janta ya yi duhu kamar busasshen zoɓo, cikinta ruwan toka.

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyarmu, ya zagaya su biyun yana kallo. Da yamma a majalisa ya ce tunda suna ɗaya ne launi ya sha bamban, to tamu haɗe-haɗe ce: matattun taraktoci biyu aka samo, ja da mai ruwan toka, aka ɗora kan wannan a cikin waccan. Bai ce Yaya ya ci kuɗin jama'a ba, amma duk wanda ya ji ya san inda maganar ta dosa. Yaya Habu mutum ne da ba ya kare kansa. Cewa kawai ya yi a taru ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, zai ajiye shugabanci, in sun ga dama su mayar da ita. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, in aka mayar da ita babu mai yi mana huɗa a kan lokaci bana.

Ni tela ne, ban san komai a inji ba, amma na san Yaya. Na ɗauki hotunan taraktar ta kowane ɓangare da wayata, na ce zan bi sawunta har inda ta fito.

Rana na ɓullowa muka shiga Gumel. Na sha koko da ƙosai a bakin tasha, sannan na nufi garejin da aka yi cinikin. Bakaniken, Malam Garba, yana kwance ƙarƙashin wata shuɗiyar tarakta. Da na faɗa masa abin da ke tafe da ni ya fito ya goge hannu ya zauna a kan taya. Ya ce zai iya rantsuwa injin da giyar tare aka haife su, amma tunda da shi aka yi ciniki, maganarsa ba za ta shiga kunnen Kawu ba. Na ga gaskiyarsa.

Ya zaga da ni cikin garejin ya nuna mini taraktoci shuɗɗa guda biyu na wani kamfani daban, ɗaya shuɗinta mai haske kamar sararin sama, ɗaya mai duhu kamar rinin baba. Ya ce duk lokacin da kamfani zai fito da sabon samfuri sai ya ɗan taɓa launin, don a gane sabuwa tun daga nesa, mai tsohuwa kuma ya ji tasa ta tsufa ko da lafiyarta ƙalau. Daga nan ya ce in tafi Gagarawa in nemi Hajiya Tasalla, daga hannunta taraktar ta fito.

Gagarawa

Motar Gagarawa ba ta cika ba sai da hantsi ya yi sosai. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, buhunan taki a but har murfin bai rufu ba, sai da igiya. A wani shinge jami'i ya leƙo ya tambayi direba abin da ya ɗauko, ya ce taki ne da tela ɗaya. Aka yi dariya aka ɗaga mana hannu. Hanya dai gonaki ne a share dama da hagu, kowa ya gama sassabe yana jiran sama.

Ba a sha wahalar nuna mini gidan ba. Hajiya Tasalla dattijuwa ce, mijinta ya rasu ya bar mata gonakin riɗi da zoɓo da kuma taraktar, ita ta ci gaba da juya su. Na same ta a rumfar ƙofar gida tana duba irin da za a shuka. Na durƙusa na gaishe ta, ta sa aka kawo mini fura mai sanyi, ta ce sai na sha sannan za ta ji abin da ya kawo ni.

Da na miƙa mata wayar ta daɗe tana kallon hoton. Ta ce wannan taraktar ita ta aurar da 'ya'yanta, kuma ba don ta gaza ta sayar da ita ba, gonakin ne suka yi mata yawa, ta sayi babba. Ta tashi da kanta ta kai ni bayan gida inda sabuwar take. Ja ce mai haske, cikinta baƙi, irin wadda ta jawo mana magana. Ta ce ita ma ranar da aka kawo ta sai da ta tambaya, aka ce mata baƙin ya fi ɓoye dattin mai da baƙin hayaƙi, kuma masu saye yanzu shi suka fi so.

Ta dubi rigata ta tambayi sana'ata. Da na ce ɗinki, sai ta ce, "To kai za a yi wa bayani? Atamfar da kuke ɗinka mana, kamfani ɗaya ne, amma zanen bana ba na bara ba ne. Ka taɓa cewa ta bara jabu ce?"

Na ji daɗi ƙwarai, har na fara shirya yadda zan faɗi wannan a gaban Kawu. Sai ta sake karɓar wayar ta matso da hoton ɓangaren hagu. Ta ce tunda gaskiya na zo nema, to in tafi da ita duka. Marfin tayar baya na hagu ba nata ba ne. Wata shekara direbanta ya goga ta da kututturen gawo ya lanƙwasa na asalin, aka ciro wani daga matacciyar tarakta aka sa, aka fesa masa fenti. Na ce a raina ashe Kawu yana da ɗan abin riƙewa. Na tambaye ta ko akwai wani abin kuma, ta ce babu, in ban da tayoyi da batir da kowa ke sauyawa.

Game da asalin launin, ta ce ita da shi ta gan ta, amma ba a hannunsu ta fara ba. Marigayi a gwanjon wani ofishin gona ya saye ta. Wanda ya san tarihin kowace tarakta a wannan yanki shi ne Alhaji Mamman, mutumin Damagaram, mai sayar da kayan gyara da fenti a kasuwar Maigatari, kuma na yi sa'a gobe Alhamis ce, ranar kasuwa. Ta haɗa ni da ƙullin riɗi, ta ce in gaida Yaya Habu, mutumin da ya tsaya ya gwada taraktar a gona wuni guda kafin ya biya. Wannan ban sani ba sai a bakinta, shi bai taɓa faɗa ba.

Na yi La'asar a Gagarawa na koma Gumel. Na sauka a gidan wani abokina da muka koyi ɗinki tare, matarsa ta yi mana tuwon gero da miyar kuka, na kwanta da wuri a tsakar gida saboda zafi.

Alhamis: Maigatari

Ranar kasuwa ba a jiran mota ta cika. Kafin in gama gyara zama mun kama hanyar arewa. Tun daga nesa muka fara cin karo da garken shanu da raƙuma ana kora su, manyan motoci kuma sun yi layi suna jiran lodi. Shingaye sun fi na jiya yawa saboda kusancin iyaka, amma da yake ba ni da kaya sai jaka, babu wanda ya tsayar da ni.

Na ratsa ta kara inda ake cinikin dabbobi, na wuce masu kanwa da masu dabino da cuku, ina tambaya har aka nuna mini rumfar Alhaji Mamman. Dogo ne siriri da rawani, Hausarsa irin ta Damagaram, in zai ce kwastan sai ya ce duwan. Ciniki ya yi masa yawa, don haka ya ba ni benci na zauna ina kallon yadda mutanen ƙasashen biyu ke zuwa da ɓallallen ƙarfe a hannu, ya duba sau ɗaya ya miƙa hannu ya ciro irinsa. Sai da aka yi Azahar kasuwa ta ɗan lafa ya sa aka kawo mana shayi da tsire, ya ce in faɗi damuwata.

Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Kawunka ya yi gaskiya, haɗe-haɗe ce. Amma ba a Gumel aka haɗa ta ba."

Na ajiye kofin shayin. Ya yi murmushi ya ci gaba. Ya ce abin da ya ji daga manyan dillalan da ya yi wa aiki tun yana saurayi shi ne, can a ƙasar Turawa kamfanoni biyu ne, ɗaya yana yi wa kayansa jan fenti, ɗaya ruwan toka. Da suka haɗe suka zama ɗaya, kowanne yana da manoman da suka saba da launinsa, ba a so a rasa kowa, sai aka bar ja a sama, toka a ƙasa. Haka suka riƙa fitowa shekara da shekaru kafin daga baya a duhunta cikin. Ya ce hakan ba baƙon abu ba ne a wannan sana'a, in babban kamfani ya saye ƙarami yakan shafa masa launinsa, sai ka ga inji ɗaya yau kore gobe ja.

Na tambaye shi me ya sa tun farko wasu suka zaɓi toka. Ya ce ita ce mai araha, kuma a da taraktoci da yawa haka suke. Da motoci suka yi yawa a hanya aka ga ba a hango mai ruwan toka da almuru, sai wasu kamfanoni suka koma launi mai ɗaukar ido. Sannan ya jawo gwangwanin fenti biyu ya buɗe, duka ja, amma ba iri ɗaya ba. Ya ce fentin da yana da dalma a ciki, aka gano tana cutar da mutane aka daina sa ta, don haka ko kamfani ya so, jan yanzu ba zai zama na da ba. Ga kuma ranarmu da ke cin fenti.

Na rubuce duk wannan a kaina, amma na gaya masa gaskiya: Kawu zai ce labarin kasuwa ne. Ina bukatar wanda ya gan ta da idonsa tana sabuwa. Ya karɓi wayata yana wuce hotunan, har ya tsaya a kan matakalar da direba ke takawa ya hau. An yi mata walda da ɗan guntun ƙarfe a gicciye. Ya ce wannan aikin Ilu ne. Baba Ilu tsohon direban ofishin gona ne, gajere ne, duk taraktar da ya riƙe sai ya ƙara mata mataki. Yana nan da ransa a Sule Tankarkar.

Dariya ta kama ni. Na zagaya Gumel da Gagarawa da bakin iyaka, ashe mutumin yana hedikwatar ƙaramar hukumarmu. Na yi wa Alhaji godiya, na sayi dabino na tsaraba, ya ƙi karɓar kuɗin tsiren.

Sule Tankarkar

Na koma Gumel na sauya mota, na isa Sule Tankarkar rana ta yi sanyi. Masu acaɓa duk sun san Baba Ilu direba. Na same shi a ƙofar gida kan buzu yana gyara igiyar akuya. Gajere ne kamar yadda aka faɗa, gemunsa fari fat, kunnensa ɗaya ya yi nauyi saboda shekarun ƙarar inji, sai ta dama ake yi masa magana.

Bai iya ganin hoton da kyau ba sai da na buɗa masa shi. Da ya kai kan matakalar ya gane ta. Ya ce shi ya sauko da ita daga kan tirela da hannunsa, kujerarta ma da ledarta, kuma yadda take a hoton nan haka ta zo, ja a sama, toka a ƙasa. Ya lissafo mini garuruwan da ya yi wa huɗa da ita, har da namu, ya ce ya san gonar mahaifinmu mai tsamiya biyu. Ya ɗauka tuni an yanka ta an sayar wa 'yan gwangwan.

Na roƙe shi ya ba ni izini in ɗauki muryarsa a waya in kai wa jama'a. Ya ce a'a. Na ɗauka ƙi ya yi, sai ya ce, "Tana da rai a nan kusa, ka ce in yi magana a waya? Gobe tare za mu."

A zaurensa na kwana. An kawo ɗanwake da mai da yaji, muka ci tare, yana ba ni labarin yadda a da in tarakta ta shiga ƙauye har tsofaffi ke fitowa kallo.

Juma'a: komawa gida

Da safe ya sa babbar riga da hula, muka ɗauki acaɓa biyu. Yashi ya yi yawa a hanyar, sau biyu muna sauka muna takawa, amma bai yi ƙorafi ba. Mun isa ana shirin tafiya masallaci. Ban gaya wa Yaya komai ba, na dai ce baƙo ne daga Sule Tankarkar.

Bayan an sauko aka taru a gindin dalbejiyar da taraktar take. Yaya Habu ya miƙe zai yi maganar ajiye shugabanci, na nemi dattawa su ba ni dama tukuna. Ban taɓa magana a gaban taro irin wannan ba. Na faɗi inda na je da wanda na gani da abin da kowa ya ce, tun daga Malam Garba har Alhaji Mamman. Da na zo kan marfin tayar hagu na ji kamar in tsallake, amma na faɗa yadda Hajiya ta faɗa mini. Kawu Sale ya gyara zama ya ce ai dama ya san idonsa bai yi masa ƙarya ba. Wasu suka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa.

Baba Ilu bai jira an gabatar da shi ba. Tun ina magana ya tashi yana zagaya taraktar yana shafa ta. Dattawa biyu suka gane shi, suka kira sunansa. Ya juyo ya ce wa jama'a shi ya fara tuƙa ta, da wannan launin ta zo, kuma wanda ya zaɓo musu ita ya san abin da yake yi, don irinta ba ta mutuwa sai an kashe ta da gangan. Daga nan ya nemi makulli.

Yaya ya miƙa masa. Tsohon ya tattare babbar rigarsa ya taka ya hau, ya murɗa, ta tashi bugu ɗaya. Ya karkata kunnensa na dama yana saurare, ya gyaɗa kai. Ya sa giya, ta yi tsalle ta mutu, don ƙafarsa ta daɗe ba ta taka kulocin ba. Wannan karon kowa ya yi dariya har shi. Ya yafito Yaya ya ce ya hau kusa da shi. Ya sake tayar da ita, suka tafi a hankali har bakin rijiya suka juyo, Yaya yana riƙe da kafaɗar tsohon. Na daɗe ban ga haƙoran Yaya a waje ba sai ranar.

Da suka sauko babu wanda ya sake ta da zancen mayarwa ko na ajiye shugabanci. Liman ya yi addu'a aka watse. Kawu Sale ya wuce gidansa. Da yamma sai ga shi da kansa a ƙofar gidanmu riƙe da zakara, ya ce a yanka wa baƙo. Ya zauna suka yi hira da Baba Ilu, da zai tafi ya tsaya kusa da Yaya ya ce, "Habu, in an yi ruwa kar ka sa gonata a ƙarshe." Yaya ya ce to, Kawu.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Malam Garba, da Hajiya Tasalla da ba ta rage mini komai ba, da Alhaji Mamman, da abokina na Gumel da iyalinsa, da direbobin da suka ɗauke ni. Baba Ilu kuwa ya ƙi komawa washegari. Ya ce ba zai tafi ba sai ya ga ta shiga gona, don haka muka gyara masa ɗakin zaure. Ruwan shuka ya sauka daren Lahadi, da safe aka ɗaura mata garma, shi ya ja kunyar farko, sannan ya sauko ya ba Yaya wuri.